Ranar da Gwaggo Ladidi Ta Yi Shiru

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Gwarzo ta layin masu kayan miya ya san muryar Gwaggo Ladidi kafin ya san fuskarta. Daddawa take sayarwa, kuma tun da Allah ya yi ta ba ta iya magana a hankali ba. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama. Sunana Badi'a. Bara na gama jami'a na dawo gida ina jiran a kira mu hidimar ƙasa, kuma a cikin wannan zaman jiran ne abin ya faru a kan idona. Har yau idan na ji tasa ta faɗi a ƙasa sai gabana ya yanke.

A Garo aka haife ta, a gidan da mata ba su san wata sana'a ba sai daddawa. Kakarta ce ta koya mata, tun tana hawa kan turmi kafin ta iya leƙa cikin tukunya. Aure ya kawo ta Unguwar Ɗorawa, ƙauyenmu da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, gidan Malam Ƙasim, wani manomi mai sanyin hali da ake cewa ya bar mata maganar gidan gaba ɗaya don ya huta. Ya rasu ina makarantar sakandare. Ba ta sake aure ba. Ta ce ta gaji da neman wanda zai iya sauraronta har ƙarshe.

Aikin daddawa ba na rago ba ne. Za a dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, wuni guda a kan wuta, a surfa ta a turmi da toka har ɓawon ya saki, sannan a kai ta rafi. Nan ne aikin yake. Ana zuba ta a gwagwa, ƙwaryar nan mai huji-huji, a tsoma a ruwa mai gudu, a yi ta murzawa har ruwa ya tafi da ɓawon ya bar ƙwaya fes. Ruwan rijiya ba ya isa wannan aiki, sai ka ƙarar da rijiyar unguwa ba ka gama tukunya ɗaya ba. Kuma idan an surfa ba a wanke a kan lokaci ba, ta lalace ke nan. Bayan wanki sai a sake dafawa, a rufe da ganye a kwando har ta kama, a kirɓa, a mulmula, a shanya. Kusan kowane gida a unguwarmu akwai mace mai wannan sana'a, kuma duk a wuri ɗaya suke wanki, a bakin rafi kusa da mashayar shanu.

Matan nan Bakinmu suke kiran Gwaggo. Idan direba ya ɗora jarkar fetur a kan kwandon daddawa, ita ce za ta tsaya a gaban mota har sai an sauke kaya an sake lodi. Idan masu awon kalwa suka zo da kwano mai lotsattsen gindi, ita ce za ta ɗaga shi sama ta nuna wa kasuwa. Mutum ɗaya ce ba ta kiranta da wannan suna, wato ƙawarta Sabuwa, wadda aka kawo su garin amare a shekara ɗaya. Ita Lasifika take ce mata.

"Lasifika, rage murya, kin tashi jikana."

"Jikan naki da ya gado ki, ko ganga aka buga a kansa ba zai motsa ba."

Haka suke tun da na buɗe ido na gan su.

Amma akwai mutum ɗaya a duniya da Gwaggo ba ta buɗe baki a gabansa: Malam Abdulnasir, mijin 'yarta ta fari, Adawiyya. Surukinta ne, kuma Gwaggo irin mutanen da ne wajen kunyar suruki. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "na gidan su yarinyar nan". Idan ya zo gaisuwa, a bakin zaure yake cire takalmi ya tsuguna, ita kuma ta amsa daga bayan ƙyaure, daga "lafiya lau" sai "madalla". Ba ta cin abinci idan yana cikin gidan. An taɓa yi musu kiciɓis a hanyar gona, shi ya faɗa cikin dawar wani ta dama, ita ta faɗa ta hagu, kowa yana jiran ɗaya ya wuce, har mai gonar ya zo yana tambaya ko ɓarayi ne. Shekaru ana ba da wannan labari ana dariya. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Abin yabo ne ma, ana cewa ga gidan da aka san mutunci.

Damunar bara waccan, rafinmu ya fara kashe kifi. Manoma sun koma feshin maganin ciyawa, kuma idan sun gama sai su zo bakin rafi su wanke tankunan feshi. Samari ma nan suke wanke babura. Awaki suka mutu, yara suka yi ta ƙuraje. Aka kai kuka sama, aka kafa kwamitin da zai tsara dokar kare ruwan, aka ɗauko Malam Abdulnasir ya zama magatakarda saboda ya iya rubutu kuma ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba.

Aka kuma yi wani abu da ba a saba ba. Aka ce ba za a sa wa dokar hannu ba sai an karanta daftarinta da Hausa a gaban jama'a, kowa ya faɗi ra'ayinsa, har da mata. Mutane suka yi ta yabawa. Da can sai dai ka ji doka a bakin wanda ya zo kama ka.

Labari ya riga ya iso wa mata cewa a cikin daftarin akwai inda aka hana wanke kowane irin abu a cikin rafi ko a bakinsa. Suka taru a tsakar gidanmu suka tattauna. Ba su ƙi dokar ba, don su ma 'ya'yansu ne ke ƙuraje. Abu ɗaya suke so, a cire kalwa daga ciki. Wa zai faɗa? Ba a ma tsaya tambaya ba.

"Ku bar ni da su," in ji Gwaggo. "Ko gwamna ne ya zo sai ya ji."

Ni ina makaranta lokacin, muna jarrabawar ƙarshe. Abin da ya faru a taron daga bakin waɗanda suka je na ji shi. A makarantar firamare aka yi, maza a gaba a kan bencina, mata a baya a kan tabarmi. An ce shugaban kwamitin ne zai karanta, wani dattijo baƙo da ba shi da dangi a garinmu. Da safiyar ranar aka yi masa rasuwa, ya tafi jana'iza. Da aka buɗe taro, wanda ya miƙe da takarda a hannu sai ga shi Malam Abdulnasir ne.

Ya karanta tun daga farko har ƙarshe. Maza suka yi ta gardama a kan tara da kan wanda zai yi tsaro. Sannan ya ce, kansa a sunkuye, "Ɓangaren mata, akwai mai magana?"

Sabuwa ta zunguri Gwaggo da gwiwar hannu. "Tashi mana."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ladidi, tashi!"

Ba ta motsa ba. Sauran matan kuma kowace tana jira, domin ba a aika babba da magana sannan ƙarama ta tsallake ta ta miƙe. Kafin wata ta yanke shawarar karya wannan, an wuce wurin. Wani daga cikin maza ya juyo ya ce, "To, yau ko Ladidi ba ta ce komai ba. Lallai doka ta yi kyau." Aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Wannan maganar ta mutumin ita ce ta fi ci mata rai daga baya. Da wata ce ta yi shiru, da an ce tsoro ne. Amma kowa ya san Ladidi ba ta shiru a kan abin da bai yi mata ba, don haka shirunta ya zama shaida mafi ƙarfi cewa mata sun yarda.

A hanyar gida ba wadda ta zage ta. Sun gane dalili, kowace a cikinsu tana da suruki. Sabuwa ce kawai ta ce, "To ki aika masa ta bakin Adawiyya." Gwaggo ta ce za ta aika. Amma Adawiyya tana da tsohon ciki, kuma Gwaggo ta kasa ganin yadda za ta tura 'yarta ta ce wa mijinta aikinsa bai yi ba. Ta ce bari a haihu. Aka haihu, ta ce bari a yi suna. Ta kuma riƙa faɗa wa kanta cewa dokar gwamnati a takarda take ƙarewa, ba za ta taɓa isowa bakin rafi ba. Kafin a yi arba'in an sa hannu.

Wannan karon dokar ta iso bakin rafi. Lokacin na dawo gida. Masu duba-gari suka fara zuwa, kuma ba zan ce sun yi mugunta ba. Sun yi gargaɗi da farko. Da mata suka ce ai kalwa abinci ce ba guba ba, babbansu ya ce, "Inna, na sani, matata ma da daddawa take miya. Amma an rubuta kowane irin abu. Idan na bar ku, me zan ce wa mai tankin feshi? Kuma an ce an karanta muku kun yarda." Daga baya suka fara ƙwace gwagwa da tasoshi.

Sai mata suka nemi wani wuri. Can ƙasa da gari akwai inda rafin ya ratsa ta cikin kwazazzabo, ba a hango mutum daga hanya. Gangaren yumɓu ne, ga duwatsu a ƙasa. Nan suka koma suna zuwa da sassafe, da kaya a ka, mata waɗanda wasunsu sun yi jika da tattaɓa-kunne.

Ranar da abin ya faru ina bayansu, ɗauke da tasar Gwaggo ɗaya. An yi yayyafi, ƙasa ta jiƙe. Sabuwa ce a gaba, tana cewa, "Lasifika, yau dai ki rufe mana baki, kar ki kira mana duba-gari." Gwaggo ba ta ba ta amsa ba, don tun bayan taron ta rage mayar da magana. Ban ga lokacin da ƙafar Sabuwa ta zame ba. Ƙarar tasa na ji a kan dutse, ta yi ta gangarawa tana ƙara, sannan na ga Sabuwa a ƙasa, rabin jikinta a ruwa, ƙafarta ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Kalwa ta watse, ruwa yana tafiya da ita.

Abin da ta fara cewa shi ne, "Kalwata! Ku tare min kalwata!"

Ban san yadda na sauka ba. Na riƙe kanta don kar ya nutse. Gwaggo ta tsaya a saman gangaren da tasa a ka, kamar an dasa ta. Wasu suka ruga gari, aka ciro ƙyauren langa-langa aka ɗora ta a kai, aka fitar da ita hanya. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma a shekarunta sai dai a yi ta addu'a.

Tun daga ranar Gwaggo ta daina zuwa kasuwa. Tukwanenta suka yi ƙura. Za ta zauna a bakin murhun da babu wuta, ta yi ta juya gwagwa a hannu. Idan na kawo abinci sai ta ce in ajiye. Wata rana ba tare da na tambaye ta ba ta ce, "Numfashi ɗaya ne fa, Badi'a. In miƙe in ce a cire kalwa, in zauna. Na yi wa direbobi, na yi wa masu awo, a kan abin da bai kai wannan ba."

Na ce, "Gwaggo, ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce. Amma ni aka aika."

Daga nan sai na tafi wurin Yaya Abdulnasir. Na same shi a zaurensa, ya rame. Kafin in gama gaisuwa ya ce ya san abin da ya kawo ni.

"Da farko ba haka na rubuta ba," in ji shi. "Na jera su ne, tankin feshi, babur, mota, buhun taki. Sai aka ce idan aka jera, gobe wani zai zo da abin da babu a jerin ya ce ba a hana shi ba. Na ga gaskiya ne, na goge na sa kowane irin abu. Kalwa ba ta zo min a rai ba sam. Matata 'yar mai daddawa, kullum da daddawa nake cin tuwo."

Sannan ya ce, "Kuma ranar taron na ga Inna, Badi'a. Ina ɗaga kai na gane mayafinta a gaban mata. Na san ita suka turo, na kuma san ba za ta iya ba. Abin da ya kamata in miƙa wa wani takardar in ce zan fita. Amma ni ma kunya ce ta rufe ni, so nake kawai in gama in bar wurin. Na yi tambayar ina kallon takarda, ban jira ba na wuce. Na zo na rubuta cewa mata ba su da ja."

Ya ce ana iya gyara dokar, amma sai kwamiti ya sake zama a gaban jama'a, waɗanda abin ya shafa su faɗa da bakinsu. Ya riga ya roƙa, an amince. Ya ce in gaya wa Gwaggo kar ta damu, ranar ba zai je ba, wani zai riƙe alƙalami.

Kafin in isar da saƙon, Sabuwa ta aiko a kira Gwaggo. An dawo da ita gida, tana kwance a kan katifa a ƙasa. Gwaggo ta yi ta aike da kunu da itace, amma ba ta taɓa iya taka ƙofar ɗakin ba. Na raka ta. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Shigo mana, ba cizo nake ba. Ko ni ma surukarki ce?"

Gwaggo ta shiga ta durƙusa. "Sabuwa, ki yafe min."

"Ke kika ture ni?"

"Ni na kai ki wurin."

"To, ban ce a'a ba." Sabuwa ta gyara kai a kan matashi da ƙyar. "Na yi kwanaki ina zaginki a cikin raina, har na gaji. Yanzu an ce za a sake taro. Matan nan suna cewa a nemi wata ta yi magana, wai kar a sake sa ki a kunya. Na ce ban yarda ba. Ke muka aika, saƙonmu yana hannunki, ba ki isar ba. Ki je ki isar, sannan ki zo mu yi maganar yafiya."

Nan na faɗi abin da Yaya Abdulnasir ya ce, cewa ba zai je ba. Na zaci Gwaggo za ta ji sanyi. Sai ta daɗe tana kallon ƙafar Sabuwa a ƙarƙashin zane.

"Wa zai rubuta gyaran a ƙarshe?" ta tambaye ni.

"Shi ne dai, Gwaggo. Za a kai masa abin da aka faɗa."

"Wani ya ji, ya gaya wa wani, ya rubuta abin da ya ga dama. Ki koma ki ce wa na gidan su yarinyar nan ya zo. Mai rubutawa shi zai ji."

Ranar taron ajin firamaren ya cika har tagogi. An kawo Sabuwa a adaidaita-sahu, aka shimfiɗe ta a baya kusa da ƙofa, don ta rantse sai ta zo. Shugaban kwamitin ya yi bayani, sannan ya ce, "Ɓangaren mata."

Gwaggo ta miƙe. Ina kusa da ita. Ta buɗe baki ta rufe. Yaya Abdulnasir yana zaune a teburi daf da ita, kansa a ƙasa. Shiru ya yi tsawo har wani ya yi tari. Na ce a raina shi ke nan, an sake.

Sai Yaya Abdulnasir ya tashi. Ya cire takalmansa, ya ɗauki littafinsa, ya je gaban allo ya zauna a ƙasa, fuskarsa ga bango, bayansa ga jama'a.

Mai Unguwa Mijinyawa ya ce, "A'a, Malam Abdulnasir, wane malami ne ya sa ka horo?"

Aka yi dariya, kuma a cikin dariyar Gwaggo ta fara magana, ƙasa-ƙasa, wa mai unguwa take kallo. Daga baya aka ji muryar Sabuwa.

"Ba ma ji! A kasuwa har Kabo ake jin ki, yau kuma kin zama amarya?"

Gwaggo ta ɗaga murya. Ta ce, "Wancan taron mata ba su yarda ba. Ni suka aiko in ce ba su yarda ba, na zo na ga wanda nake jin kunya, na zauna da saƙonsu a bakina. Duk wanda ya ce shirun Ladidi yarda ne, to ba yarda ba ne. Ga abin da shirun ya jawo can a kwance a bakin ƙofa." Sannan ta faɗi abin da aka aiko ta da shi tun farko: a hana tankin feshi, a hana babur, su ma suna so, amma a bar musu wankin kalwa.

Ba a ce to nan take ba. Wani makiyayi ya miƙe ya ce shi ba ya gaba da daddawa, amma ruwan kalwa yana da wari da toka, kuma a daidai mashaya suke wanki, shanunsa ƙin sha suke yi. Na zaci Gwaggo za ta hau shi. Sai ta ce, "Wannan gaskiya ne. Da an tambaye mu da mun matsa ƙasa."

Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan cewa mata za su riƙa wanki ƙasa da mashaya. Saura a rubuta. Daga gaban allo, ba tare da ya juyo ba, Yaya Abdulnasir ya yi gyaran murya.

"Inna," ya ce, "daga ina zuwa ina?"

Tun da ya auri 'yarta, wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mata wadda ba gaisuwa ba.

Ta kalli rufin ajin. "Daga gindin tsamiya zuwa inda rafi ya karya kwana. Kar a kai kwazazzabo."

Ya rubuta, ya karanta da ƙarfi: an yarda masu sana'ar daddawa su wanke kalwa daga gindin tsamiya zuwa kwanar rafi da safe.

Na ga Gwaggo ta runtse ido.

"Ba haka ba ne," ta ce.

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Innalillahi."

"Ba haka ba ne. Kalwa ba ta san safiya ba. Lokacin da ta dahu aka surfa, lokacin ake wankewa, ko da la'asar ne. A cire safe."

"An cire, Inna."

"A sake karantawa."

Ya sake karantawa. Ta juya ga mata ta ce, "Kun ji? Haka ne? Kar wadda ta jira ni. Mai magana ta yi." Mata biyu suka yi magana, ɗaya a kan masu wankin zogale da rama, aka ƙara. Kafin ta zauna ta ce wa shugaban, "Alhaji, nan gaba idan za a karanta mana doka, a fara tambaya wa zai karanta, wa zai amsa. Garin nan kowa surukin wani ne. A turo mana mace ta karanta mana a cikin gida tukuna." Ya ce za a duba. Ban sani ba ko za a duba ɗin.

An sa wa gyaran hannu bayan 'yan makonni. Mata sun koma rafi, ƙasa da mashaya. Amma ba kowa ne ya yaba wa Gwaggo ba. Akwai masu cewa duk abin da ya faru, mace mai mutunci ba ta ce wa surukinta ba haka ba ne a gaban gari. Da Yaya Abdulnasir ya zo gaisuwa bayan nan, ya tsuguna a bakin zaure kamar kullum, ita kuma ta shige bayan ƙyaure, sai dai ta fi da daɗewa kafin ta ce lafiya lau.

Sabuwa ba ta tashi ba har yanzu. Tana iya zama idan an jingina ta. Jikokinta ne ke dafa mata kalwa su surfa, Gwaggo kuma ta je ta ɗauka ta kai rafi tare da tata. Ta Sabuwa take fara wankewa, kullum. Idan ta mayar, Sabuwa za ta tsoma hannu a tasa ta ce, "Lasifika, akwai ɓawo. Tsufa ya fara cin idonki." Gwaggo ta ce, "Ki tashi ki wanke da kanki mana," sai kuma ta yi shiru, don ta ji abin da ta faɗa.

Shekaranjiya na bi ta rafi. Ni ba na iya kallon ɓangaren kwazazzabo, sai na zauna na ba shi baya. Tana tsaye a ruwa har ƙauri, tana murza kalwa a gwagwa. Na ce, "Gwaggo, ai yanzu kin isar da saƙo. Ta ce ta yafe?"

"Ta ce."

"To hankalinki ya kwanta?"

Ta ɗaga gwagwa, ruwa ya zube ta hujojin, ta duba ƙwayar da kyau ta tsince wani ɗan ɓawo da ya maƙale.

"Rafi ya dawo," ta ce. "Miƙo min ɗaya tasar, wannan ta Sabuwa ce, ba na so ta haɗu da tawa."